Agogon da Bai Je Gona Ba

Makon jiya wata ɗaliba daga cikin waɗanda aka turo mana koyon aiki ta tsaya a bakin ofishina, ta gama leƙe-leƙenta, ta ce, "Hajiya, wai da gaske a kan barcin mutane ake biyanku albashi?" Sauran suka kwashe da dariya, ni ma na taya su. Na saba. Na fi shekara ashirin da biyar ina wannan aiki, kuma har yau in na je biki Gwarzo sai an sami tsohuwar da za ta nuna ni ta ce, "Ga likitar barci nan, ita aikinta sauraron minsharin mutane." Ba na musu a gidan biki. Amma ku ɗalibai da kuka ce wannan hanya za ku bi, gara ku san yadda take tun kafin ku yi nisa, har da shekarar da na kusa rubuta wa duniya cewa manoman Durun barci suke yi da rana a tsakiyar damina. Da wannan takarda ta fita da sunana a kanta, da yau ba ni da idon shiga garin mahaifiyata.

Ni ba likitar da ke rubuta magani ba ce. Ƙwaƙwalwa na karanta, da jijiyoyi, daga baya na tsaya a kan abu ɗaya: me ke sa jiki ya san dare ya yi, me ke tashinsa da asuba ko ba a kira salla ba, kuma me ke lalacewa idan mutum ya kwanta idonsa ya ƙi rufuwa. A cikin kai akwai wani ɗan wuri da ke riƙe lokaci, haske ne ke saita shi kullum. Shi muke kira agogon jiki. A ƙauyen Jama'a aka haife ni, gidan noma da 'yan shanu, inda babu wanda ya taɓa ɗaura agogo a hannu amma babu wanda ya taɓa makarar tatsa. Mahaifiyata 'yar Durun ce ta ƙasar Kabo, kuma sunan mahaifiyarta aka sa mini. Saboda haka yayanta, Kawu Isuhu, bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini tun ina rarrafe.

Aikin farko da aka ba ni a ɗakin gwaji shi ne kwashe kashin ɓeraye. Na zo da takardar digirina ina jin kaina, malamin da zan koyi aiki a hannunsa, wanda kowa ke kira Baba Farfesa, ya miƙo mini tsintsiya da bokiti. Ɗakin ɓerayen ba shi da taga. An juya musu lokaci ne, ranarmu ita ce darensu, don mu iya lura da su a lokacin da suke kai-kawo ba sai mun kwana a makaranta ba. In za ka shiga, ƙofa biyu ce, sai ka rufe ta farko kafin ka buɗe ta biyu, kuma fitila ja ce kawai a ciki, mai dishi-dishi, wadda ba ta ruɗa su. Wata uku ina canza musu garin katako, ina auna ruwan da kowane ya sha, ina rubuta sa'ar da ya hau ɗan keken gudunsa da sa'ar da ya sauka. Ran nan da la'asar ɗan kunnena ya faɗi a tsakanin keji, na lalube shi na rasa. Sai na ce bari in haska tocila sau ɗaya, wa zai sani? Ban fi ƙirga goma ba na kashe. Ban gaya wa kowa ba. Bayan kwana huɗu Baba Farfesa ya kira ni, ya baza takardar gudun ɓerayen a tebur, ya ɗora yatsa a kan ranar.

"Rabi, wa ya kira wa ɓerayena assalatu ranar Talata?"

 Ya ce ba faɗa zai yi mini ba, ɓerayen sun riga sun kai ƙarata. Aikin mako shida ya tashi a banza, kuma ni ya sa na sake shi daga farko. Ɗan kunnen na gan shi daga baya a cikin bokitin shara.

Da na kai matsayin taɓa kan mutum, sai na tarar da abin da babu shi a littattafan da muka karanta. Don a ga barci a ƙwaƙwalwa, sai an auna kai da tef daga goshi zuwa ƙeya, daga kunne zuwa kunne, a yi alama da fensir, a goge kowane wuri tas, sannan a manna 'yan ƙananan wayoyi da wani irin gam. Waɗanda suka rubuta littattafan ba su taɓa cin karo da kitson shuku wanda ya sha man shanu ba. Mace ta farko da na yi wa, wayoyin suka yi ta zamewa ina mayarwa, har gumi ya jiƙa mini riga. Dole sai an tsefe, an wanke da sabulu, an bar shi ya bushe ba mai. To wace mace ce za ta yarda ki tsefe mata kitson da ta zauna yini guda aka yi mata, ta koma gidan miji da kai buzu-buzu? Sai na koma wurin wata makitsiya a unguwarmu na zauna mata almajira ta sati-sati. Har yau a aljihun farar rigata akwai kibiya da matsefi kusa da biro, kuma duk wadda na tsefe wa, ni nake mayar mata da kanta kafin ta tafi. Ɗalibai maza kan ga abin kamar wasa, har sai sun ga mata nawa suke dawowa karo na biyu da nawa ba sa dawowa.

A wancan lokacin na'urar a takarda take zana layukanta, doguwar takarda mai ninki, barcin mutum ɗaya ya kai tudun bulo. Kowane shafi rabin minti ne, kuma sai ka duba shi da ido ka ce wannan farke ne, wannan gyangyaɗi, wannan barci mai nauyi, wannan mafarki. Ka yi shafi ɗari sai layukan su fara rawa a idonka. Baba Farfesa yakan zauna a gefena da goronsa, ba ya magana sai na yi kuskure. Abu biyu ya yi ta nanata mini har na gaji da ji. Na farko, kada in yarda da jimillar da na'ura ta bayar sai na ga layukan da idona. Na biyu, mai barci yana motsi. Yakan ce, "Ko wanda ya fi kowa nauyin barci yana juyi, yana susa, yana jan mayafi. In kika ga layi ya miƙe sumul ba ko ɗigo, ba barci ba ne, je ki duba abin da ya faru." Na haddace, na ci jarrabawa da shi, kuma lokacin da na fi bukatarsa na manta.

Mutanen da ke zuwa wurinmu yawanci ƙwaya suke nema, kuma ransu yakan ɓaci in suka ji tambayoyi za a yi musu. Direban babbar mota ya zo ya ce barci ya ƙaurace masa, ka bi diddigi ka tarar yana shan shayi mai kauri kofi shida da goro a kai. Mai jego ta zo, ka tarar ba cuta ba ce, hannu take bukata a gida. Bayan kowace ƙaramar salla kuwa layi ne, don azumi ya juya wa mutane lokaci sun kasa komawa. Wadda ba na mantawa wata dattijuwa ce daga Dugabau da ɗanta ya kawo, ta rantse mini shekara biyu rabonta da runtsawa. Muka manna mata wayoyi, da safe takarda ta nuna ta yi barci, ba mai yawa ba, a gutsuttsure, amma ta yi. Ina rawar jiki na je zan nuna mata. Baba Farfesa ya tare ni a ƙofa ya ce, "In kika ce mata ta yi barci, kin ce mata maƙaryaciya a gaban ɗanta. Ita wahalar da take sha gaskiya ce. Ki fara da wannan." Na koma na zauna kusa da ita na tambaye ta abin da take tunani in ta kwanta. Mun fi awa ɗaya, ba mu ko buɗe takardar ba a ranar.

To, shekarar agoguna. Wasu masu bincike a ƙasar waje suka ba ni aron wasu na'urori da ake ɗaurawa a wuyan hannu. Kamar agogo suke amma ba sa nuna lokaci. Motsin hannu suke ƙirgawa dare da rana, da hasken da ya faɗo a kansu, in an kawo sai a zuba a kwamfuta ta ware maka sa'o'in barci da na farke. Tambayata mai sauƙi ce: yaya mutanen da ba su da wutar lantarki suke barci, kuma rani da damina ɗaya ne? Yarjejeniyarmu ita ce in abin ya yi kyau zan gabatar da shi a babban taronsu, kuma za su ba ni gurbi in je in ƙarasa digirina na uku a wurinsu. Ina da yara biyu a lokacin, maigidana ya amince, kuma na san irin wannan ƙofa ba kullum take buɗewa ba.

Durun na zaɓa, don can ne ba sai na yi dogon bayanin ko ni wace ce ba. Kawu Isuhu ya kai ni wurin mai unguwa, aka tara magidanta a ƙofar gida, ni kuma na bi mata ɗaki-ɗaki. Na yi bayani yadda ya kamata: a ɗaura, kada a cire, a yi harkokin yau da kullum. Amma tsoro yana cina, don na sa hannu a takarda cewa zan mayar da kayan mutane lafiya. Sai na ƙara da abin da ba a tambaye ni ba. Na ce, "Don Allah ku kula da su, kuɗin ɗaya ya fi na saniya, kuma ba nawa ba ne, amana aka ba ni, ni ma amana nake ba ku." Mai unguwa ya gyara zama ya ce kowa ya ji, wanda ya lalata na 'yar nan ya kunyata gari. Na koma gida ina jin daɗin yadda suka ɗauki abin da muhimmanci.

Sakamakon rani ya fito tsaf, babu abin mamaki a ciki. Mutane na kwanciya bayan isha'i, su tashi kafin asuba, wasu su ɗan kishingiɗa bayan azahar. Agogunan ba su kai yawan mutanen ba, saboda haka zagaye nake yi, wasu su ɗaura sati biyu, in karɓa in ba wasu. Da ruwa ya sauka aka yi shuka, na zuba zagayen farko na damina a kwamfuta, sai ga abin da ban taɓa karantawa a ko'ina ba. Kusan kowa, maza da mata, yana tashi da asuba, ya yi motsi na ɗan lokaci, sannan ya koma barci tun daga fitowar rana har azahar, cikin duhu. Zagaye na biyu ma haka. Nan da nan na ƙera wa abin dalili: sanyin damina, hadari da ke rufe rana, gajiyar noma. Na rubuta taƙaitaccen bayani na aika. Amsa ta dawo cikin kwana uku, suna murna, sun ce sun sa ni a sahun farko na masu jawabi. Wani abu kuma da ya ƙara mini alfahari, duk agogon da na karɓo fes yake, kamar ranar da aka fito da shi daga kwali.

Baba Farfesa ya riga ya yi ritaya. Na kai masa takardun gida don ya sa mini albarka. Ya sa tabarau ya daɗe yana dubawa.

"Jimilla ce wannan. Ina layukan?"

Na ce suna cikin kwamfuta, na duba wasu, akwai 'yan motsi nan da can.

"Kawunki yana ciki?"

"Shi ne lamba ta bakwai."

"Kin taɓa ganinsa a kwance da hantsi?"

Raina ya sosu. Na ce, "Baba, ai amfanin na'ura ke nan, ba ta san kawun kowa ba." Ya cire tabarau ya ce haka ne, amma ni na san shi, kuma kuɗin mota zuwa Kabo bai kai na jirgi ba. Na fito ina cewa a raina tsufa ne, ba ya son a ce ɗalibarsa ta gano abin da bai gano ba. Kwana biyu maganar ta hana ni sakat. A rana ta uku na hau mota ban sanar da kowa ba.

Na isa Durun da hantsi, ana tsakiyar maimai, wato noma na biyu. A lissafin kwamfutata garin nan duk yana kwance a wannan sa'a. Garin kuwa shiru yake, amma shirun ba kowa. Gidan Kawu na tarar da matarsa, Inna Delu, tana wankin dawa, hannunta tsirara har gwiwa. Kawu da ita sun sake shiga zagayen ƙarshe, agogunan suna wurinsu. Muka gaisa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, da maigida, da mutanen Jama'a, ta kawo mini fura. Ina amsawa idona yana kan wuyan hannunta.

"Inna, Kawu fa?"

"Yana gona tun da aka sallame asuba. Ai kin san shi."

"Agogon fa?"

Fuskarta ta washe. Ta ɗauraye hannu, ta goge a zane, ta ce in biyo ta. A ɗakinta ta sauke kwalla biyu daga jere, ta buɗe ta uku, ta ɗago wani sabon ɗankwali a naɗe. Ta warware shi a hankali a kan gado. Ga su nan biyu, nata da nasa, an jera su kai da kai.

"Duba da kyau, ko ƙwarzane babu. Da ya dawo ya yi wanka zai mayar, ni ma in na gama da ruwa. Ba ma kwana babu su."

Na zauna a bakin gadon. Duhun da kwamfuta ta gani, duhun cikin kwalla ne. 

Na bi hanyar gona da takalmin ofis, taɓo yana cire mini shi ina mayarwa. Na hango Kawu a duƙe tsakanin kunyoyin gero, laka har idon sawu, rigarsa ta manne a baya. Ya ɗago ya gan ni ya saki fartanya.

"Uwata! Lafiya? Wani abu ya faru a gida?"

Na ce lafiya lau. Muka gaisa a tsaye. Na tambaye shi me ya sa ba ya zuwa da agogon gona. Ya dube ni kamar na tambaye shi me ya sa ba ya zuwa da Alƙur'ani turken awaki.

"In kawo kayan amana cikin wannan taɓo? Ga taki, ga ruwa, ga ƙotar fartanya tana dukan hannu. Ke da bakinki kika ce ya fi saniya. Da rani mun bar shi a hannu don ba abin da zai same shi. Da ruwa ya sauka muka zauna a ƙofar mai unguwa muka yanke shawara, kowa ya adana nasa kafin ya fita. Ba mu so ki ji kunya wurin Turawanki."

Ya ce wasu a kwalla suke sawa, wasu a akwati, waɗanda ba su da wurin ɓoyo sukan rataye a ƙusa bayan ƙyaure. Nan na gane 'yan motsin da na gani na kwantar da hankalina da su. Duk wanda ya buɗe ƙofa, agogo ya yi lilo, ni kuma a birni in ce ga mai barci ya juya.

Da na iya yin shiru a nan, da na yi. Amma ya tambaye ni ko aikin ya yi kyau, sai na gaya masa abin da na rubuta na aika. Ya fara da dariya, har yana dafa gwiwa. Sannan dariyar ta tsaya.

"Tsaya. An rubuta cewa mutanen Durun na kwance da hantsi, gero yana neman maimai?"

"Ba a sa sunan kowa ba, Kawu."

"An sa sunan gari?"

Na ce an sa.

Ya juya ya dubi gonar, tun daga inda ya faro da asuba har inda ya tsaya. Ya ce, "Ni tun da na iya riƙe fartanya rana ba ta taɓa fito mini a kan shimfiɗa da damina ba, sai shekarar da na yi ciwon haƙarƙari. In 'yan Dugabau suka ji wannan, wa zai ƙara kiranmu gayya?" Bai ɗaga murya ba. Ya sunkuya ya ɗauki fartanyarsa, ya ce, "Ke kika san aikinki, Uwata." Kunyar da na ji a gonar nan ban taɓa jin irinta ba, kafin ranar ko bayanta.

A mota ina komawa na yi ta neman hanyar tsira. Wani abokin aikina ma ya nuna mini ita washegari: in cire ranakun da suka fi muni, in bar na masu ƙusa, in sassauta magana in ce alamu sun nuna barcin safe yana ƙaruwa da damina, a je taro a dawo, daga baya a gyara. Ya ce kowa yana yi. Na buɗe layukan a kwamfuta, wannan karon duka, ɗaya bayan ɗaya, yadda aka koya mini. Lamba ta bakwai layi ne miƙaƙƙe sumul daga fitowar rana zuwa azahar, kwana goma sha huɗu a jere. Yaron da ya yi wata ɗaya a hannun Baba Farfesa zai gane. Na rubuta wasiƙa na ce na janye, na faɗi dalili ban ɓoye komai ba, har da maganar saniya.

Sun amsa cikin ladabi. Sun ce sun yaba da gaskiyata, kuma gurbin ba zai iya jira ba, za a ba wani. Suka bukaci kayansu. Na roƙa, suka bar mini tsofaffi guda takwas aron shekara ɗaya. Na koma koyar da 'yan aji ɗaya, kuma a ɗakin shan shayin malamai duk wanda ya yi hamma sai a ce barcin Durun ya kama shi. Digirin da zan gama a shekara uku a waje, a gida na yi shi, ya ci mini bakwai. Ban taɓa zuwa wancan wurin ba har yau, kuma ba zan ce muku bai yi mini ciwo ba. Baba Farfesa bai ce ai na gaya miki ba. Ya aiko mini da goro ƙwarya guda, ya ce in raba wa mutanen Durun in na koma.

Da damina ta zagayo na koma ƙofar mai unguwa da agoguna takwas da bokitin ruwa. Bayan an gama gaisuwa na ɗauki ɗaya na cusa shi a cikin taɓon bakin hanya, na murza, na buga shi da bango, na jefa a bokiti, na ciro na ɗaura a hannuna. Wurin ya ɗauki salati. Na ce laifin bara nawa ne, ni na tsorata su. Na ce, "Bana amanar ba agogon ba ce, abin da yake rubutawa ne. Wanda ya dawo mini da nasa fes, shi ne ya ci amanata." Mai unguwa ya maimaita musu sau biyu. Kawu ya miƙo hannu na ɗaura masa, yana kallon gefe kamar ana yi masa allura.

Bayan sati biyu kowa ya kawo nasa sai shi. Sai da mutane suka watse ya fito daga zaure, hannunsa a cikin aljihu. Gilashin ya dusashe da ƙwarzane, laka ta bushe a kowane lungu, maɗaurin ya tsinke ya haɗa shi da igiyar rama.

"Ki yi haƙuri, Uwata. Ranar huɗa ya tsinke, amma wallahi ban bari ya taɓa ƙasa ba, a take na ɗaure."

Wannan agogon shi ne wanda kuke gani a durowata, wanda wata a cikinku ta tambaya ko na shara ne. Masu shi sun ce ba sa bukatarsa a wannan hali. Daga shi na sami rubutun damina na farko da zan iya rantsewa a kansa, kuma duk abin da na gina daga baya a kansa ya tsaya. Shi ya sa kafin in bar ɗayanku ya taɓa kwamfuta sai ya hau mota ya je ya ga hannun da aka ɗaura wa.

Mako guda bayan Kawu ya kawo agogon, na buga masa rubutunsa a takarda na kai masa. Kawu bai yi boko ba, Allah ya jiƙansa, amma da na nuna masa cewa kowane layi yini ɗaya ne, baƙin kuma motsi ne, sai ya karɓe takardar daga hannuna. Muna zaune a gindin darbejiyar ƙofar gida. Ya bi da yatsa yana karanta kwanakinsa da kansa. Ya nuna ranar huɗa, baƙi ƙirin tun daga asuba. Ya nuna Juma'a, inda ya tashi daga aiki da wuri. Ya nuna ranar da ruwa ya kore su daga gona. Ya ce yanzu kam ko wa ya gani ya san an yi noma a Durun.

Sai yatsansa ya tsaya a wani ɗan fari bayan azahar, ɗan siriri, da 'yan ɗige-ɗige a ciki. Ya duba layin ƙasa, ga shi nan ma. Da na ƙasansa.

"Wannan fa?"

 Na ce, "Nan ka ɗan kishingiɗa ne, Kawu. Ka ga ɗigon nan, juyi ka yi."

Ya kawo takardar kusa da ido ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗaga kai ya dubi tabarmar da ke jingine a jikin bishiyar, ya miƙo mini takardar.

"Wannan kam na yi shi," ya ce. "Ki rubuta."